Sakan Arba'in na Tsohon Agogo

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Umma. Yaya idon? Allah ya sa kana ɗiga maganin, kada ka ce wai ido ya san aikinsa.

An mayar da ni ɗakin ajiya na ofishinmu na binciken girgizar ƙasa. Ɗaki ne mai taga ɗaya, cike da tsofaffin takardu baƙaƙe ƙirin. A da, hayaƙi ake turara wa takarda, a naɗa ta a jikin gangar da ke juyawa, allura tana bi tana karce ta. In ƙasa ta motsa sai layin ya yi zigizaga. Agogon bango kuma yana sa ɗigo a kan takardar duk minti guda. Kullum da baƙin hanci nake komawa gida, maigidana har ya fara ce mini mai sayar da gawayi.

Aikina shi ne in sake duba girgizar da aka yi shekara ɗari da uku da suka wuce, saboda madatsar ruwan da su Yaya za su gina a kwari. Farfesa, shugabanmu, ya rubuta a littafinsa tun ina firamare cewa girgizar ƙarama ce, kuma can nesa ta faru, bayan duwatsu. A kan maganarsa Yaya ya zana ginin.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Tashoshin awon girgiza uku ne suka kama girgizar, kuma da lokacin da ta isa kowace tasha ake gane inda ta taso. Mai kula da tasharmu na wancan zamanin yakan saita agogo duk mako, ya rubuta a littafi. Amma mako shida kafin girgizar babu saiti ko ɗaya. Rubutun ma ya canza hannu. A gefen wani shafi an rubuta: "Maigidan yana kwance, ni nake canza takarda." Matarsa ce, kuma da alama ba ta taɓa agogon ba.

Baba, kai ka yi shekara arba'in kana gyaran agogo. Agogo mai lilo, mai sandar ƙarfe, in an bar shi mako shida a tsakiyar zafi, gudu yake ko makara? Agogon yana nan rataye har yau, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

A gaishe da Umma.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an rage maka zafin idon, alhamdu lillahi.

Wasiƙarka ta iso, har da faɗan da ka yi mini na barin agogo a hannun gizo-gizo. Na bi abin da ka ce tiryan-tiryan. Na share shi da gashin kaza, na ɗiga mai kaɗan, ban taɓa dunƙulen lilon ba. Ya tashi kuwa! Ka ce ƙarfe miƙewa yake in ya ji zafi, lilo ya yi tsawo, agogo ya yi nawa. Mako uku ina gwada shi da agogon zamani, kullum sai ya makara da kusan sakan guda. Lissafin mako shida ya ba ni sakan arba'in.

Da na gyara lokacin, sai girgizar ta baro bayan duwatsu ta dawo kwari, tafiyar awa guda a ƙafa daga inda za a yi madatsar. Ban tsaya nan ba. A littafin tashar na ga an taɓa gyara hannun allurar, an rage masa tsawo, don haka duk abin da ta zana bayan nan ya fito ƙarami. Farfesa ya ba girgizar maki biyar da rabi. Nawa lissafin ya haura shida. Kada ka ga kamar tazarar kaɗan ce, ita ce bambancin girgizar da ke fasa bango da wadda ke kayar da shi.

Na kai wa Farfesa. Ya karanta a tsaye, ya ce agogon da ya shekara ɗari ba shaida ba ne, kuma ƙwai ba ya fin kaza wayo. Ya dai tafi da takardun.

Na faɗa wa Yaya da bakina, don kada ya ji a waje. Ya ce in rahoton ya fita, zanen shekara biyu ya tashi a banza, ma'aikata ɗari uku su koma gida su jira. Ya ce tun ina ƙarama haka nake, sai an gama shara in zo da ƙura. Gaskiya na yi kuka a mota, amma ƙauyuka bakwai ne a ƙasan kwarin nan, Baba. Kada ka sa baki tukuna, kuma kada Umma ta ji.

Taka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara kan jinkirin amsa. Na ji Umma ta sani. Dama na san ba ka iya ɓoye mata ko allura.

Farfesa ya rubuta wa sauran tashoshin biyu, suka aiko da hoton takardunsu na ranar. Ya rufe ƙofa kwana huɗu yana lissafi shi kaɗai. Ran na biyar ya kira ni, ya ɗauko littafinsa, ya soke lambarsa da jan biro a gabana. Nasa sabon lissafin ma ya ɗara nawa kaɗan. Bai ce na yi daidai ba. Cewa ya yi rubutuna ya yi ƙanana, in gyara kafin ya sa hannu. Na so in sa sunan matar nan a rahoton, mun duba ko'ina ba mu samu ba. Sai na rubuta "matar mai kula da tasha".

An dakatar da aikin madatsar. Wata guda Yaya bai ɗaga wayata ba. Shekaranjiya da hantsi sai ga shi a ɗakin ajiya da farar riga. Ko zama bai yi ba ya ce in nuna masa. Na shimfiɗa takardar, na ba shi gilashin ƙara girma. Ya daɗe a sunkuye a kan layin, ya auna da rula sau uku. Ya tambaye ni ko irin wannan girgizar za ta sake zuwa. Na ce ranar dai Allah kaɗai ya sani, amma inda ƙasa ta taɓa motsawa takan sake. Ya ce to, in ba shi lambar a rubuce, zai faɗaɗa gindin ginin.

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da zai fita ya ce ranar Asabar zai zo ya ɗauke ni mu zo duba idonka, kada in ɓata masa lokaci. Ka ce wa Umma mu biyu ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta