Injin waldan Baba

Auta,

Za ka tashi ka tarar ba na nan. Ɗazu na ji Baba a waya yana cinikin injin waldansa, wai don ya kai ka jami'ar nan mai nisa. Da injin nan muke ci. Na bi shi shago ko zan tarar ba a ɗauka ba.

Na sake duba makarantun da ka jera. Ta cikin gari kaɗai za mu iya, tunda a gida za ka kwana. Can ma injiniya ake yayewa.

Yau ƙarfe huɗu ake rufe fom, ka canza zaɓin. Na san wahalar da ka sha, ka yi haƙuri. In Baba ya tambaya, ka ce ra'ayinka ne. Kuma ka saki fuska in za ka faɗa.

Yayarka