Takardar mutanen ƙauyenmu tana nan a shagona, ban miƙa ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Wanda zai zage ni ba zai faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni ɗan kasuwa ne a Madina. Ina da shagon sarin dabino a wajen Ƙuba, shekarata ashirin da biyu a garin nan. Ban gaji ko kwabo ba. A gida Najeriya da kamasho na fara a tasha, na zama direban akori-kura, na yi shekara tara ina zagaya kasuwannin ƙauyukanmu kafin Allah ya kawo ni nan na fara da dakon kwalaye a gonakin dabino. Na faɗi wannan ne don a san ni ba mutum ba ne da ake yi wa wayo cikin sauƙi. Na yi ciniki da Balarabe, na yi da Ba'indiye, na yi da ɗan Sudan, ba wanda ya taɓa sayar mini da busasshen dabino a matsayin sabon yanka. Amma ga shi ɗan'uwana Bahaushe ya zaunar da ni ya yi mini wankin da ban taɓa gani ba, kuma da hannuna na taimaka masa.

Zan kira shi Injiniya, don aikinsa ke nan, yana wani kamfanin gina hanyoyi a nan, yana zaune a unguwar Jurf. Ƙaramar hukumarmu ɗaya. Da ya sauka a garin nan a gidana ya yi wata biyu, ni na nemo masa gidan haya, matata ta yi wa matarsa zaman jego. Yaya yake ce mini, ni kuma ban taɓa ɗaukarsa bare ba.

Bara ya zo shagona da labari. Gwamnati ta ware kuɗi don a tsara sufuri na haɗin gwiwa tsakanin ƙananan hukumomi uku na yankinmu, namu na ciki. Ba kuɗin sayen motoci ba ne tukuna, kuɗin tsari ne: a zana hanyoyin da motoci za su bi, inda za a kafa babbar tasha, da ranakun da mota za ta shiga kowane ƙauye. An kafa kwamiti, shugaban kwamitin abokin karatun Injiniya ne, ya ɗauke shi mai ba da shawara daga nan. Mutanen gida dariya suke yi, wai kuɗin zane a takarda. Ni ban yi dariya ba. Na yi kamasho, na san duk inda aka ce nan mota za ta tsaya, nan mai shayi zai zauna, nan mai faci, nan rumfuna, nan gari zai tashi. Wanda ya ja layin nan shi ya raba arziki na shekara talatin.

Matsalar Injiniya ita ce ya san hanya a kwamfuta, bai san ta da ƙafa ba. Don haka duk Juma'a bayan la'asar sai ya zo, mu zauna da gahawa, in farke kwalin dabino in zana masa a bayansa. Na nuna masa wace kasuwa ke ci Talata, wace ke ci Alhamis, inda rafi ke yanke hanya da damina, inda direbobi ke zagayawa, da ƙauyen da in ba ka shiga da sassafe ba ba za ka sami fasinja ba don duk sun tafi gona. Yana ɗaukar hoton kwalayen da wayarsa yana cewa, "Yaya, wallahi kai ne injiniyan, ni magatakarda ne." Wata rana ya sa yatsa a kan wata mararraba ya ce, "Babbar tasha a nan za ta zauna, babu makawa. Ni aikina bai bar ni in sayi fili a wurin ba. Kai kuwa wa zai hana ka?" Ya haɗa ni da mai filin, na saya, har na sa aka fara buga bulo.

Sai ga takarda. Ƙauyenmu yana bayan rafi, ba ya kan hanyar mararrabar nan. Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana can, tana fama da ciwon suga, kuma duk wata sai an ɗora ta a kan babur an yi tafiyar da ke karya ƙashin saurayi kafin ta ga likita. Da damina kuwa sai dai a jira ruwa ya janye. Mutanen ƙauyen suka ji labarin tsarin, suka rubuta koke suna roƙon motar ta bi ta tsohuwar hanyar tudu, wadda ruwa ba ya ci, ta ratsa ta wurinsu da wasu ƙauyuka biyu. Dagaci ya buga hatimi da kwanan wata, jama'a suka dangwala yatsa. Sun je sakatariya sau uku, ba su wuce mai gadi ba. Sai suka ji shugaban kwamiti zai zo Umra. Wanda yake zaune a nan ya san wannan al'ada: babban mutumin da ba ka isa ka ga ƙeyarsa a gida ba, a Madina sai ka same shi da silifa yana neman inda zai sayi carbi. Don haka aka ba wata Hajiya takardar, a naɗe cikin leda tare da ƙullin kuka da daddawa, ta kawo mini har shago. Yaya ta kira ni ta ce, "Auta, mun ba ka amana a garin Manzo. Hannu da hannu za ka ba shi." Na ce, "An gama, Yaya."

Na nuna wa Injiniya. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ce, "Takardar nan tana da ƙarfi. In ta shiga, layin zai koma tudu, mararraba ta mutu." Ya kurɓi gahawa ya ƙara da cewa, "Kai ɗan kasuwa ne, Yaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Muka je masaukin shugaban a Anbariyya bayan azahar, ni da shi. Takardar tana aljihun jallabiyata, ina jin ledar tana ƙara duk lokacin da na motsa. Mutumin ya karɓe mu da fara'a, har ya tambaye ni da bakinsa, "Alhaji, akwai wani saƙo daga mutanen gida?" Na kai hannu aljihu. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Injiniya. Sai na zare hannuna, na ce, "Sai gaisuwa, ranka ya daɗe," na tura masa kwalin dabinon ajwa. Me ya shiga kaina? Ni da na san hanyar nan, na san inda babur ke kayar da mutane, na san Yaya tana cikin masu faɗuwa? Ban ruɗe ba, ba kuma tsoro na ji ba. Lissafi na yi, na gaya wa kaina in tasha ta kafu zan saya wa ƙauyen mota da kaina. Da muka fito na kira Yaya, ina tsaye ina hango hasumiyar Harami, na ce mata na miƙa. Ta yi ta sa mini albarka har katinta ya ƙare.

Wata huɗu da suka wuce aka fitar da daftarin tsarin. Wani ya turo mini hotonsa. Na duba, na sake dubawa, na sa tabarau. Duk abin da na zana a kwali yana ciki, ranakun kasuwa, zagayen damina, har ƙauyen da ake shiga da sassafe. Abu ɗaya aka canza. Babbar tasha ba a mararraba take ba. An kai ta garin surukan Injiniya, can gabas. Da na sa aka bincika mini, sai na ji filayen da ke kewaye da wurin ƙanin matarsa ya saye su tun kafin a fara zamanmu na Juma'a. Wanda ya sayar mini da filin mararraba kuwa ɗan baffan Injiniya ne, ya daɗe yana neman wanda zai jibga wa. Ashe ba mararraba takardar mutanenmu za ta kashe ba, tasharsa za ta kashe, don hanyar tudu ba ta bi ta garin surukansa. Yana buƙatar wanda zai danne ta, sai ya ba ni dalilin da zan danne da kaina.

Na tafi Jurf na same shi zai shiga mota. Na ce, "Ashe haka za ka yi mini?" Ya ce, "Yaya, mushkila ce ta kwamiti, ni shawara kawai nake bayarwa." Na ce, "To takardar mutanenmu fa, da ka sa na riƙe?" Sai ya rufe ƙofar motar a hankali, ya dube ni ya ce, "Ni na sa ka? Ya shaikh, ka tuna da kyau. Na ce kada ka ba shi? Ido kawai muka haɗa." Gaskiyarsa ce, bai taɓa furtawa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka bar maganar nan ta mutu. In ka tono ta, kanka za ka tona. Halas." Mutumin da ya ci tuwon gidana wata biyu, shi ke ce mini halas, wato magana ta ƙare, a bakin titi.

Filin bai dame ni ba, na sha faɗuwa a kasuwa na tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ya auna ni. Ya zauna da ni shekaru yana kallona, ya gano daidai inda zan karye, kuma bai yi kuskure ba. Wane irin aboki ne ke nazarin mutum haka? Ni kuma wane irin ƙane ne da aka saye ni da fili a bakin mararraba?

Ga inda ake yanzu. Kwamiti ya sanar cewa kafin a sa hannu a kan tsarin, duk ƙauyen da ya rubuta koke tun kafin a rufe karɓa, kuma yana da shaida, za a sake duba batunsa. Ƙarshen watan nan wa'adin kawo shaidar zai cika. Mutanenmu sun je, aka ce musu babu takardarsu a fayil. Ba su da kwafi, ɗaya suka rubuta, ita ce a durowar shagona a ƙarƙashin rasitai, da hatimin dagaci da kwanan watan da zai cece su. Amma takardar da ta fito daga Madina bayan shekara guda dole a tambayi inda ta kwana. In na ce ta ɓace ne na tsinto ta, ai na riga na ce na miƙa. In na aika ba suna, shugaban ya san wanda ya zauna a gabansa a Anbariyya ya ce sai gaisuwa. Babu hanyar da za ta isa ba tare da sunana ya bi ta ba. Ni ne mutumin da ya gyara musu masallaci, ni ake kai wa alhazan ƙauyen su sauka, da sunana ake yi wa yara misali. Yanzu haka shugaban kwamitin suke tsinewa a kowace majalisa, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kuma zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Na san in takardar ta shiga, layin zai iya komawa tudu, tashar Injiniya ta rushe. Duk lokacin da na ɗauko ta da niyyar aikawa, sai in ji wani daɗi yana taso mini, kuma ba don Yaya ba ne. Da tashar ta zauna a mararraba, ina kan filina ina karɓar haya, zan tuna da takardar nan? Na tambayi kaina ban ji daɗin amsar ba. To tubar da haushi ya haifa, tuba ce?

Shekaranjiya Yaya ta kira ni. Ta faɗi daga babur a hanyar asibiti, ta gurɗe hannu, tana ba ni labari tana dariya wai ta zama 'yar wasa da tsufanta. Da za mu yi sallama sai muryarta ta canza. Ta ce, "Auta, kai kana kusa. In ka shiga Rauda ka kai ƙarar duk wanda ya danne takardar nan. Kada ka roƙa masa sauƙi." Na ce, "To, Yaya." Tun ranar ban iya zuwa Harami ba, a masallacin unguwa nake sallah.

Na buɗe ledar ɗazu. Yatsu sun cika shafi biyu, na farko a sama na Yaya ne, ta danna da ƙarfi har tawadar ta fito ta baya. Saura kwana goma sha ɗaya. In fara kiran Yaya in gaya mata da bakina, ko in fara aika wa shugaban in bar ta ta ji a gari? Kuma in na faɗi gaskiya, in ambaci Injiniya, ko in ɗauki kayana ni kaɗai tunda hannuna ne ya fita daga aljihu babu komai? Jama'a, me zan yi?