Malam Ya Hana A Soka Min Allura A Kafaɗa

Assalamu alaikum Hajiya Amatullahi. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma sakaya sunana, don kowa ya san gidanmu.

Shekarata talatin da takwas, ina koyarwa a makarantar allon mahaifina kusa da Kiyawa. Shekara biyu ke nan ina rubuta Alƙur'ani da ka. Malam, wato mahaifin namu, ya rubuta uku a zamaninsa, amma yanzu sai ya kai takarda dab da hancinsa yake ganin baƙi. Na yi masa alƙawarin zai duba nawa tun da sauran gani. Ina izu na arba'in da ɗaya kafaɗar dama ta riƙe. Wani abu ne ya dunƙule a wajen kamar ƙwallon goro, in na yi layi huɗu sai zafi ya gangaro har gwiwar hannu, alƙalami ya kama rawa. Rannan na ɓata shafin da na yi kwana uku a kansa. Wallahi sai da na yi hawaye.

An yi min ƙaho sau biyu, na sha ƙwayoyi har cikina ya fara ƙuna. Daga ƙarshe na je asibiti a Dutse, aka tura ni sashen gashin ƙashi. Likitan ya ce tsoka ce ta ƙulle saboda yawan sunkuyo. Ya koya min motsa kafaɗa, na yi sati shida, sauƙin kaɗan ne. Shi ne ya ce akwai wata siririyar allura da ba magani a cikinta, a soka ta cikin ƙullin a cire, tsokar ta saki.

Da na faɗa wa Malam sai ya hana. Wana Muntaka yana ɗan shekara shida wani mai kemis ya yi masa allura ƙafarsa ta shanye, har yau da sanda yake tafiya, kuma Malam ne ya kai shi da kansa. Ya ce ya ba da ƙafar ɗa ɗaya, ba zai ba da hannun wani ba, gara rubutun ya tsaya.

Ban taɓa tsallake maganarsa ba. Amma an ba ni ranar Talata, kuma na ƙudurta zan je, ko da zan ce masa gaisuwa na tafi. Ƙaryar ce kawai take ci min rai. Yaya zan yi?

Mai alƙalami, daga Kiyawa.

AMSA

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara wa Malam haske.

Kada ka tafi a ɓoye. Wurin da aka soka yakan yi tsami na kwana ɗaya ko biyu, a gida ɗaya kuke, zai gane. Ba taurin kai ne ya sa shi hanawa ba. Mutum ne da ya shekara talatin da wani abu yana kallon sandar ɗansa yana zargin kansa.

Kai ma kana da gaskiya, neman magani haƙƙinka ne. Wannan allura ta bambanta da wadda aka yi wa wanka Muntaka: ta fi siranta, ba a zuba komai a jiki, tsokar da ta ƙulle kawai ake nema. Amma ba zan ce maka babu haɗari ba. Saman kafaɗa yana kusa da huhu, saboda haka sai hannun wanda ya koyi aikin. Tambayi likitan kai tsaye ko ya sami horo a kanta, ka ga an ɓare sabuwar allura a gabanka, ka kuma faɗa masa duk maganin da kake sha, musamman mai tsinka jini. Wasu suna jin sauƙi, wasu ba sa ji. Ko ka ji, ƙullin zai dawo in ka koma sunkuyo wuni guda. Ɗaga abin da kake ɗora takarda, ka riƙa miƙewa bayan ’yan layuka, kada ka bar motsa kafaɗar.

Ka ɗage Talatar nan in ta kama. Fara zuwa wurin Muntaka, ka roƙe shi ya raka ka Dutse ya ga allurar da idonsa, ya yi duk tambayar da yake so. In ya gamsu, shi zai shiga wurin Malam, kai ka zauna daga gefe ka yi shiru. A duk gidanku ba wanda Malam zai saurara a kan allura kamar shi.

Allah ya sa a dace, ya yi muku albarka ku duka.