Garkar Kawu Habu ta fita daga taswira

Zuwa ga Alhaji Shugaban kwamitin mazauna fuwayenmu, gidan ma'aikata baƙi da ke bayan Paris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da dattawan gidan baki ɗaya.

Baba Alhaji, ni ce Hadizatu, ɗiyar ƙanwar Malam Habu na hawa na biyu. Bara na gama karatun tsarin birane a Lyon, kuma aikina yanzu shi ne bin tsare-tsaren ƙananan hukumomi: inda za a gina gidaje, filin da aka hana taɓawa, inda za a kafa faifan wutar rana. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan a fili. Amma na kira, na aiko saƙo, amsar ɗaya ce: an ji.

Na ɗaya. A tsohuwar taswirar ƙaramar hukumarku, filin da ke bayan fuwaye kore ne, wato doka ta hana gini a kansa. A sabon daftari an canza masa launi. Za a yi gidaje, a yi wurin ajiye motoci mai rufin faifan rana. Ban ƙi gidaje ba, ni ma ɗakin haya nake ciki, kuma ban ƙi wutar rana ba. Sai dai a wannan filin garkar Kawu take, da na sauran mazauna. Tunda ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi, yakuwa da kuɓewar nan kaɗai ke sauko da shi daga ɗaki.

Na biyu. Da aka buɗe lokacin jin ra'ayin jama'a, na hau jirgin ƙasa daga Lyon na zo har ɗakin taron fuwaye. Na bayyana muku cewa a ƙasar nan abin da aka rubuta wa jami'in binciken da ke tattara ra'ayoyi shi kaɗai ke shiga rahoto. Kun ce al'adarmu ba haka take ba, babba ba a aika masa takarda, zuwa ake yi. Kun sa manyan riguna, kun tafi gaishe da mataimakin magajin gari, an ba ku kofi, an ɗauki hoto, ya ce ya fahimce ku. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ba shi ke rubuta rahoton ba.

Na uku. Rahoton ya fito. Na karanta shi, na sake karantawa don tsoron kada in zalunce ku. Masu yawo da karnuka sun rubuta, an bar musu hanyarsu. Masu kekuna sun rubuta. Daga fuwaye ba ko layi ɗaya. A shafin da ya shafi filin an ce wuri ne da ba a san mai amfani da shi ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Majalisar gari ba ta jefa ƙuri'a ba tukuna. Ku tara masu garka, kowa ya faɗi nasa da Hausa ko Zabarmanci, ni zan mayar da shi Faransanci, ku sa hannu a kai wa kowane ɗan majalisa. Ban yi muku alkawarin zai yi aiki ba, domin babbar ƙofar ta riga ta rufe.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi min nauyi. Da na kira Kawu ranar Juma'a, ya ce ya shanya irin kuɓewa a bakin taga, yana jiran sanyi ya wuce. Ya ce Alhaji ya tabbatar masa an gama magana. Na yi masa sallama ban gaya masa ba. Ku kuka ba shi wannan tabbaci, Baba Alhaji. Ina roƙonku ku hau sama ku gaya masa gaskiya da bakinku, kafin ya fara kaftu.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya dafa muku a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalam.

'Yarku,
Hadizatu, daga Lyon