Na wanke muryar kakata a kwamfuta, gida ya taso min

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, ko da yake wanda ya san Anguwan Rogo zai iya gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku sani tun farko ba afuwa na zo nema ba, ni a ganina ban yi laifin komai ba.

Ni mutum ne mai kunne. Ba yabon kai ba, sauro biyu in suka wuce ni zan gaya muku wanne ne ke mura. Kayan gyaran keke napep nake sayarwa, tun direba bai faka ba na san ciwon injinsa. Shi ya sa da na shiga koyon haɗa sauti a situdiyon Oga Pam, a saman wani bene kusa da kasuwar Terminus a nan Jos, ban ga abin wuya ba. Shi mawaƙan coci yake yi wa aiki, mutum ne mai haƙuri, ya koya min yadda ake ɗaukar kowace murya a layinta daban cikin kwamfuta, kiɗa a nasa layin, amshi a nasa, sannan ka yanke, ka ɗaga wannan ka sauke wancan har su zauna lafiya. Duk ɗaliban da muke koyo tare na girme su, Daddy suke ce min, na ce su jira su ga aiki.

To ga aikin ya zo. Kakarmu, Iya muke ce mata, tana cikin matan da suka yi wankin kuza a da, kuma tana da waƙoƙin da suke yi a bakin rafi, yanzu ba wanda ya iya su sai ita. Yayana zai aurar da 'yarsa, sai ya ce tunda na zama injiniya in ɗauki waƙa ɗaya a sa ranar kamu, a kuma ajiye wa na baya. Na ɗauko laftof da makirfo na kafa a ɗakinta, Iya a layinta, ƙannena mata masu amshi a nasu, ƙwarya a nata.

Jama'a, Iya ba ta waƙa a miƙe. Ta yi baiti ta yi tari, ta yi dariya, ta tsaya ta ambaci wata ƙawarta Ngo da suka yi aiki tare ta ce Allah ya jiƙan rai, ta dawo inda ba nan ta tsaya ba. Sannan kun san wasan kaka da jika, angona take ce min. Kawai sai ta jefa ni cikin waƙar, wai angonta mai tumbin randa ya zo da sanda zai auna bakinta, ko kuɗin cefane bai bari ba. Ƙannena kuwa suka cafe, suka mai da shi amshi.

Na zauna na yi abin da aka koya min. Na yanke tarin, na yanke dariyar, na cire surutun tsakiya, na ja kowane baiti ya hau kan kiɗa daidai, na sa mata abin nan mai miƙar da murya in ta karkace, na ƙara fiyano a ƙasa da ɗan amo kamar a babban zaure take. Wallahi abin ya fito tas, ko a jirgin sama aka sa shi ba kunya. Oga Pam ya saurara har ƙarshe, ya cire hedifon ya ce, "Daddy, aiki ya yi kyau, amma ina tsohuwa ya tafi?" Na ce a raina hassada ce, ɗalibi ya fi malami.

Da na kai gida Yaya ya ce wannan tallan sabulu ne, ba Iya ba. Ƙannena suka ce duk don baitin tumbi na yi wannan aika-aika. E, na cire shi, sai me? A gaban surukai, da manyan baƙin da za su zo daga Kuru, a sa sifika ana ce min randa? Kuma wannan ne aikina na farko da za a faɗi sunana a kai. In aka sa ɗanyen da ban taɓa ba, mutane za su ce kunna rikoda kawai na yi na zauna, har kukan akuyar maƙwabta yana ciki. Yanzu Yaya ya kafe, ko in kawo ɗanyen yadda ta rera shi, ko ya karɓi wanda ƙanwarmu ta ɗauka a waya ya ba DJ, ni kuma kada a ga hannuna a wayar sifika ranar. Na ce nawa ko babu. Tun daga ranar nan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma da ƙyar.

To 'yan gida, in tsaya a kan bakana a yi biki ba ni, ko in miƙa ɗanyen in zama tumbin randa a Jos har kabari? Ko akwai dabarar da zan mayar da tarin da ƙawarta in bar baitina a waje ba a gane ba? Masu sana'ar nan ku yi magana, waɗanda za su ce girman kai ne ku huta, an riga ku a gida.

Af, kada a ce na ɓoye wani abu. Jiya na kai wa Iya da kanta ta raba gardama. Na ɗora mata hedifon a kan ɗankwali, tana ji tana gyaɗa kai har da murmushi, na ce shi ke nan na ci shari'a. Da ya ƙare ta miƙo min ta ce, "Angona, yarinyar nan tana da murya, Allah ya ba ta miji. Amma ka gaya mata waƙar tawa ce, kuma da ji ba ta taɓa tsoma ƙafa a ruwan Jos da sanyin safiya ba."