Tsamiyar Gonarmu

Agege, 9 ga Yuni, 2000

Yaya Laraba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Lafiyata lau, kada ku damu.

Jiya a jami'a malamin ilimin yanayi ya ce aradu abu mafi tsawo take nema, kada a fake gindin itace. Na kasa rubuta komai. Ba aljanun tsamiyar gonarmu suka kashe Yaya Alu ba. Yana nomansa cikin ruwa, ni na kira shi mu fake gindin tsamiyar.

Ki hana yara zuwa gindinta, amma kada Inna ta ji dalili. Allah ya jiƙansa.

Legas kullum ruwa. Da hadari ya haɗo, ko cikin motar haya ta danfo nake, sai in ji muryar Yaya Alu yana amsa kirana: "Ga ni nan zuwa."

Ƙaninki,
Ɗan'azumi