Sabuwar Ba Ta Shiga

Auta,

Na fita aiki kina barci. Jiya shago huɗu na zaga da ƙwaƙwalwar kwamfutarki da ta lalace ƙulle a hankici, kowa ya ce an daina kawo irinta. Na saurari wani mai gyara har ya gama bayani, kaina ya ƙara ɗaurewa. Wai sababbi sun cika kasuwa, sun fi sauri, amma ba sa shiga gurbin tsohuwa. To ina amfanin saurin?

Na san jibi za ki miƙa aikin makarantarki. Kada ki bari yayanki ya kwance komai. An kwatanta mini wani dattijo mai tara matattun kwamfutoci a bayan tasha, can zan biya da yamma. Tsofaffi ai ba mu ƙare duka ba.

Babanki